Babi Na Shida: Launin Da Ya Dace Da Bangon Ɗakin Cin Abinci

Daga cikin ɗakunan da ake yi wa fenti a gidajen wannan zamani, babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar ɗakin cin abinci, domin galibi sai an gama kai-kawo a kan falo, an sha muhawara a kan ɗakin maigida da na uwargida, sa'an nan a ce wa mai fenti ya je ya ƙarasa shi da abin da ya rage a gindin bokiti. Alhali kuwa, in aka duba da idon basira, nan ne iyali suke haɗuwa gaba da gaba a kowace rana ta Allah, nan ake shigo da baƙon da ya wuce matsayin a tsayar da shi a ƙofa, nan kuma ake buɗa-baki wata guda cur a kowace shekara. Abin da nake nufin tabbatarwa a wannan babi shi ne, bangon wannan ɗaki ba don kansa ake kallonsa ba; hidima yake yi wa abu biyu, wato abincin da ke cikin kwano da fuskokin waɗanda suka kewaye shi, saboda haka ba a yanke hukunci a kan launinsa sai a sa'ar da ake cin abincin, a ƙarƙashin hasken da ake ci, daga wurin da ake zama.

Kakanninmu ba su keɓe wa cin abinci ɗaki na musamman ba. Maigida a zaure yake ci, ko a ƙofar gida tare da maƙwabta, kowa a kawo masa akushinsa daga gidansa a yi ciyayya, mata da yara kuwa su ci nasu a tsakar gida ko a rumfa. Ɗaki mai tebur da kujeru jere ya shigo mana ne tare da gidajen da Turawa suka gina wa kansu a unguwanni irin su Nasarawa ta Kano, da kuma Kaduna bayan an mai da hedikwatar Jihar Arewa can daga Zungeru a 1917, daga nan ma'aikata suka gada, attajirai suka ɗauka, har ya zama yau da wuya a zana taswirar gida ba a tsaga masa wuri kusa da kicin ba. Duk da haka, wanda ya shiga gidajen jama'a ya san cewa a da yawansu teburin nan yana can a ture gefe an jera masa kuloli, an shimfiɗa leda a kan darduma ana ci a ƙasa kamar yadda aka saba tun fil'azal, kuma wannan al'ada tana da hukuncinta a kan fenti wanda za mu zo gare shi nan gaba.

Amma kafin mu bar zauren nan na da, ya kamata mu tsaya mu dubi abin da ke jikin bangonsa, don akwai ilmi a ciki. Jar ƙasa ce aka yaɓe, a wasu wurare a bi ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, wanda ke ƙara mata ƙarfi ya kuma rina ta ta yi ja mai duhu-duhu. Mai hali kuwa ya sa a shafe sama da farar ƙasa. To, a tuna da malmalar tuwo fara sol a cikin baƙin akushi, an kwarara mata miyar taushe, man shanu yana narkewa a kai, fitilar aci-balbal tana ci a gefe, bayan wannan duka ga bango mai launin ƙasa wanda ba ya gasa da kome, sai dai ya mayar da hasken fitilar da ɗan ja-ja a kan tuwon da kan fuskokin dattawa. Maginan da suka yi wannan ba su karanta littafin launi ba, abin da ƙasarsu ta ba su shi suka yi aiki da shi, amma sun dace da ƙa'idar da masana suka daɗe suna wahalar bayaninta.

Ƙa'idar kuwa ita ce, launi ba abu ne tabbatacce da ke zaune a jikin bango kamar yadda tubali yake zaune ba. Shehin malamin nan Hasan Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya wallafa Kitabul Manaziri wajen shekaru dubu da suka shige, shi ne ya kafa hujja a kan cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido, ba wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin ba. Ma'anar wannan a wajenmu ita ce, duk lokacin da hasken ɗaki ya sauya, launin da ido ke gani ya sauya ke nan, ko da fentin yana nan yadda yake. Bayansa da ƙarnoni aka yi wani Bafaranshe mai suna Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, wanda aka riƙa kawo masa ƙara cewa baƙin zarensa ba ya baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin ba shi da aibi, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin su ne ke sauya yadda ido ke ganinsa, ya kuwa rubuta littafi a kan haka a 1839. Idan aka haɗa maganar malaman nan biyu, sai a fahimci dalilin da ya sa bango yake da hannu a cikin kamannin abinci: yana watsa launinsa a kan duk abin da ke ɗakin, yana kuma tsaye a bayan kowane kwano da kowace fuska yana ƙara musu ko yana rage musu.

Sai mu dubi abincinmu, tun da shi ake yi wa hidimar. Mafi yawan abin da muke kira tuwo da danginsa fari ne ko ya yi kusa da fari: tuwon shinkafa, tuwon masara, waina, sinasir, har fura da nono. Miyarmu kuwa kashi biyu ce, akwai masu kore mai duhu irin su kuka da kuɓewa da zogale, akwai masu ja da ruwan goro irin su taushe da jar miya da duk abin da manja ya shiga. Bango mai shuɗi ƙwarai, musamman in aka haɗa shi da farin ƙwan lantarki, yana kashe wa nama kyan gani ya mai da shi wani toka-toka, ya sa miyar kuka ta yi duhun da yaro zai dube ta ya kau da kai. Kore mai kaifi, irin wanda ake so a jikin masallatai da makarantun Islamiyya, yana da martabarsa a can, amma a ƙaramin ɗaki yakan zuba wa fuska wani launi na marar lafiya, har ka dubi ɗan'uwanka ka tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. A ganina, launukan da suka fi yi wa abincinmu da fatarmu adalci su ne waɗanda suka karkata wajen ƙasa da rana: ruwan madara, ruwan zuma mai haske, ruwan ƙasa da aka sirka da fari, da ruwan goro wanda aka kashe masa kaifi har ya kwanta. A gaban irin waɗannan farin tuwo yana fita, manja yana ƙyalli, baƙar fata kuma tana yin annuri. Wanda ransa ya kafe a kan kore ko shuɗi ba a hana shi ba, sai dai ya nemi mai laushi wanda aka karya da ɗan rawaya ko ruwan ƙasa, ya kuma tanadi ƙwan da zai taimake shi.

Akwai launuka uku da ya kamata a yi magana a kansu a keɓe, don su ne aka fi ruɗuwa da su. Ja mai duhu shi ne manyan Ingila na ƙarni na 19 suka fi so a ɗakunansu na liyafa, kuma suna da dalili, domin ɗakunan manya ne masu tsawon rufi, ƙasar ta sanyi ce, da dare ake ci a hasken kyandir, ga hotuna masu firam ɗin ruwan zinariya a rataye. Wanda ya kwaso wannan ya zuba a ɗaki mai taku huɗu a Sakkwato cikin watan Afrilu zai ji bangon yana matso shi, ya ƙosa ya gama ya fita. In lalle ana sonsa, a ba shi bango ɗaya, wanda ba rana ke duka ba, sauran ukun a bar su da haske. Fari fat kuwa, ko da yake yana da kwarjinin tsabta, ba ya ɓoye sirrin gida ko kaɗan: ƙurar hunturu tana sauka a kansa tun daga Nuwamba har Fabrairu, hannun yaro ɗaya ya isa ya ɓata shi, da tsakar rana kuma yana kashe ido. Na ukun shi ne ruwan toka, wanda ya zama yayi a 'yan shekarun nan har kusan kowane sabon gida sai ka tarar da shi daga ƙofa zuwa kicin. Ina jin takaicin wannan yayi ƙwarai, domin a ƙasar da sararin sama da kansa yake komawa ruwan toka wata uku a shekara, ban ga maslahar mutum ya shigo da hazo cikin ɗakin da zai zauna da 'ya'yansa ba.

Mas'alar haske ita ce mafi girma, kuma a nan ne littattafan ƙasashen waje suke ɓad da mai karatu. Za ka ga suna cewa ɗakin da tagarsa ke duban arewa ba ya samun rana, don haka a yi masa launi mai ɗumi, wanda ke duban kudu kuwa rana ba ta rabuwa da shi. Wannan gaskiya ne a London, amma Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana tana bi ta tsakar kanmu, har ma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta takan karkata ta arewa da tsakar rana. Abin lura a wajenmu gabas ne da yamma. Ɗakin da tagarsa ke gabas yana shan rana da hantsi, lokacin karin kumallo, sa'an nan ya yi sanyi. Wanda tagarsa ke yamma kuwa daga la'asar zuwa faɗuwar rana jan haske ne ke kwarara cikinsa da zafi, ya ninka duk wani ja ko ruwan goro da ke bangon, kuma a daidai wannan sa'a ce ake jera kayan buɗa-baki mai azumi yana zaune yana jiran kiran salla. Irin wannan ɗaki shi ya fi bukatar launi mai sauƙi, kamar ruwan madara, kuma shi ne kaɗai inda zan yarda da kore mai laushi ba tare da dogon sharaɗi ba.

Bilhasali ma, babban abincin Bahaushe na dare ne, bayan magariba ko bayan lisha, sa'ad da rana ba ta da sauran hukunci, ƙwan lantarki ke mulki. A jikin kwalin ƙwan zamani akan rubuta wata lamba da harafin K a bayanta: mai 2700 haskensa rawaya-rawaya ne irin na fitilar da, mai 6500 kuwa fari ne ƙal mai ɗan shuɗi, kuma shi ya fi cika kasuwanninmu. Bango ɗaya a ƙarƙashin waɗannan biyu sai ka rantse bango biyu ne. Na fi son mai rawayan a wurin cin abinci, kuma sauya ƙwai ya fi sauya fenti araha nesa ba kusa ba, don haka wanda ya ga ɗakinsa ya yi masa wani iri da dare, ya fara gwada ƙwan kafin ya kira mai fenti. Kada kuma a manta da daren da aka ɗauke wuta, wanda ba baƙo ba ne a gare mu: fitilar caji guda ɗaya a ɗaki mai bango mai haske ta isa kowa ya ga lomarsa ya kuma ga ƙayar kifi, amma bango mai duhu shanye hasken yake yi, a bar mutane suna lalube a kwano.

Saboda waɗannan dalilai, katin launuka da ake miƙo wa mai saye a shago, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wani wuri, ba abin da za a gina hukunci a kansa ba ne. Ɗan murabba'in da ke jikinsa bai fi faɗin akwatin ashana ba, fara takarda ta kewaye shi, ana dubansa a bakin titi cikin rana tsaka. In aka shimfiɗa shi a bango huɗu, kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa, sai ya fito da ƙarfin da ba a zata ba. Zaɓen fenti daga kati daidai yake da sayen shadda da daddare. Hanyar da ta dace ita ce a sayi kaɗan daga launi biyu ko uku da rai ya kwanta da su, a shafa kowanne faɗin kamu biyu a bangon da ke fuskantar taga da kuma wanda tagar ke jikinsa, shafi biyu, a bari ya bushe sarai, tun da ɗanyen fenti da busasshe ba kamanninsu ɗaya ba. Sa'an nan a kawo tuwon dare a ci a gabansa, a sha koko da safe a gabansa, a zauna a inda aka saba zama a dube shi. Mai fenti zai yi ƙorafi, ba shakka, zai ce, "Alhaji, wannan ai ɓata lokaci ne, kalar nan ita kowa ke yi yanzu, jiya ma ita na yi a wani gida." Amsar da ta dace da shi ita ce, "Malam, gidan can tagarsa daban, mu yi haƙuri zuwa jibi." A wannan zama na gwaji kuwa wajibi ne a yi shawara da uwargida, ba don neman zaman lafiya kaɗai ba, sai don ita ta san launin labulen da za a rataya da kwanukan da za a jera, ita ta san inda yara ke jingina, kuma sau da yawa a hannunta goge bangon zai ƙare. Tayil da labule da teburin da aka riga aka saya su ne masu wuyar sauyawa, don haka fenti ne ke binsu.

Yanzu sai hukuncin masu ci a ƙasa. Wanda ke zaune a kan darduma bango shi ne majinginarsa, kuma abincinmu da hannu ake cinsa, hannun dama kamar yadda sunna ta koyar, hannun nan kuwa na yaro ba kullum yake isa wurin wanki kafin ya dafa bango ya miƙe ba. Manja in ya shiga fentin ruwa na gama-gari ba ya fita, sai dai a goge har fentin ya bi tsumma. Don haka tsohuwar dabarar nan da ake gani a makarantu da asibitoci, ta raba bango biyu, tana da hikima a ɗakin cin abinci, ko da wasu na ganin ta tsufa: daga ƙasa zuwa kamar ƙugun babban mutum a yi fentin mai, ko irin na ruwa mai santsi wanda ake wankewa, da launi mai ɗan duhu kamar ruwan makuba ko ruwan ƙasa, daga nan zuwa sili a yi mai haske marar ƙyalli. In aka zaɓi launukan biyu daga dangi ɗaya, aka ja layin da igiya ya miƙe, ɗakin zai yi kyan da ba wanda zai tuna da asibiti. Kada dai a yi wa bangon duka fentin mai, don ƙyallinsa yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, yana kuma mayar da hasken ƙwai cikin ido. Silin kuwa a bar shi fari ko kusa da fari, shi ke rarraba haske a ɗakin.

Ambaton fentin mai ya kawo mu ga wani al'amari da ya fi kyan gani muhimmanci, wato gubar dalma. An daɗe ana zuba sinadaran dalma a cikin fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, don su ƙara masa kaifin launi da saurin bushewa, har Amurka ta haramta shi a gidajen zama a 1978. Mu a nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan sharrin dalma, tun da mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ko da yake wancan daga niƙan duwatsun zinariya ya fito ba daga fenti ba, gubar ita ce dai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado nata da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an lura ba. Ɗakin da yara ke rarrafe, suna ɓantarar ɓawon bango, suna kai hannu baki, shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a yi arahar fenti a cikinsa. A sayi na kamfanin da aka sani, a rufe da hatiminsa, a karanta jikin gwangwanin a ga an rubuta babu dalma, a guji wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba adireshi. In kuma tsohon gida ne za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da masu juna biyu, a jiƙa bangon kafin a kankare don kada ƙura ta tashi, a kwashe ɓawon a goge daɓen da ruwa kafin a sake shimfiɗa ledar abinci.

Abin da ya rage na aiki ne, kuma gajere ne. Sabon filasta yana bukatar kamar mako huɗu ya bushe kafin fenti ya hau shi, in ba haka ba gishirin siminti zai fito ya yi masa fari-fari ya tayar da shi. Bangon da ke haɗe da kicin ko wurin wanke hannu a tabbata ba ya tsotsar ruwa, don babu launin da ke maganin danshi. Lokaci mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina kafin ƙurar hunturu ta kankama. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau takan rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a bango mai laushi, don haka ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi da 3 tsayi, in aka cire ƙofa da taga, zai ci wajen lita 8 zuwa 9 a shafi biyu, wato galan biyu na lita 4 da ɗan ƙari. A sayi duka a lokaci ɗaya, in launin haɗawa aka yi a juye su a bokiti guda a gauraya, don haɗin yau da na gobe ba sa zuwa daidai. Maigida ya tsaya a wurin sa'ad da ake sirka ruwa, domin yawan ruwa shi ke sa launi ya koɗe tun bai shekara ba. Bayan an gama a bar tagogi a buɗe, a ci abinci a wani wuri har warin ya fita, musamman in an yi amfani da fentin mai, wanda warinsa ke kama abinci. Ragowar kuma a zuba a ƙaramin gwangwani a toshe bakinsa sosai, a rubuta sunan launin da lambarsa a jiki, a ajiye inda rana ba ta kai, don gyaran wuraren da kujera za ta goga kafin shekara ta zagayo.